Tarin Inji a Grimsby

Shekara biyu ina jera kifi a kwali
a masana'antar bakin teku,
ƙarfe biyar na asuba, safa biyu a kowace ƙafa,
yatsu cikin ruwan ƙanƙara har su manta da ni.
Mista Garbutt, wanda ke kanmu,
bai taɓa kiran sunana daidai ba.
Sallau ya yi masa nauyi a harshe,
sai ya datse shi biyu, ya jefar da rabi
kamar kan kifi.

Ni ma na datse nawa.
Na ba su hannu, na hana su kunne.

Wata Laraba na ji injin layi na uku
yana tari ƙasa-ƙasa,
irin tarin da na sani tun ina gyaran injin niƙa a Funtuwa.
Boris ne. Kwana uku ya rage masa.
Na ja bakina. Wa ya aike ni?
Ranar Asabar ya tsaya cak,
kifi ya tafi bola kwando-kwando,
ni kuwa na ci burodina a kan benci,
ko gezau.
Asarar ba ta dame ni ba.
Abin da ya hana ni barci daga baya
shi ne yadda ƙirjina bai motsa ba.

Wanda ya duba gabansa ya ga bango
me zai sa shi sauri?
Agogo kawai nake yi wa aiki,
shi ma aikin ganin ido.

Sai aka sauya Garbutt, aka kawo Denise,
gajeruwa, da tabon wuƙa a babban yatsa.
A layin nan ta fara, in ji ta, tana 'yar sha tara.
Kwana na uku ta tsaya a gefena
ta ce in faɗi sunana.
Na faɗa. Ta maimaita, ta ɓata, ta sake,
har Marek ya ƙyalƙyale da dariya.
A karo na biyar ta kama shi duka,
kai da jela.
Sannan ta ce: kafin nan, me kake yi?

Sai da na haɗiye yawu.
Na ba ta labarin janareto da injin niƙa,
da takardar shaidata da ke ƙasan akwati
tana shan sanyi tare da rigunan Sallah.

Ba ta yi mini romon baka ba.
Bayan mako ta zo da takarda a ninke:
kwas na gyaran inji, Talata da yamma,
kamfani zai biya rabi.
Ta matsar mini da lokacin tashi don in samu bas,
ta nuna mini lungu bayan ɗakin ajiya
inda zan shimfiɗa kwali in yi azahar.
Gurbi ɗaya ne, ta ce, ku uku ne.
Ban yi maka alkawari ba.

Albashina bai ƙaru da ko sisi ba.
Iskar tekun nan ba ta sassauta ba,
hayar ɗaki na nan tana jirana kowane ƙarshen wata.
Amma gwiwar da ta yi sanyi
ban san ranar da ta ɗau ɗumi ba.
Na dai tsinci kaina ina isowa kafin a kunna fitila,
ina goge wurin da ba a ce in goge ba.

Jiya layi na ɗaya ya yi tari.
Kafin in yi shawara da zuciyata
tafin hannuna ya riga ya danna jan maɓalli.
Komai ya tsaya. Ido talatin a kaina.
Denise ta zo, ta kara kunne inda na nuna,
ba ta ji komai ba,
ta ce a buɗe.

Marek ya raɗa mini: injin ubanka ne?
Ban ba shi amsa ba, don ban da ita.

Sakamako sai watan Maris.
Yanzu sha ɗaya saura na dare,
littafi a buɗe kusa da tukunyar shayi,
kowane shafi na juya
sai ya ɗauki ƙarnin kifi.